Yadda Ake Gyaran Bawul ɗin Tulun Cornelius Idan Yana Yoyo

Tulun Cornelius tulu ne na ƙarfe mara tsatsa, mai cin lita 19, wato galan 5 na Amurka. Tun asali kamfanonin lemon kwalba ne suke amfani da shi wajen kai lemo gidajen abinci. Da suka koma zuba ruwan lemonsu a leda cikin kwali, sai tulunan suka yi yawa a hannun 'yan gwangwan, masu haɗa giyarsu a gida a Amurka da Turai suka yi ta saye suna zuba abin da suka dafa. Daga wurinsu ne yawancin dabarun gyaran tulun suka yaɗu. Amma shi tulu bai san abin da aka zuba masa ba: yadda yake riƙe giya haka yake riƙe zoɓo mai gas, lemon citta ko ruwan soda, kuma gyaransa ɗaya ne.

Babbar matsalarsa yoyo. Ka cika tukunyar iskar CO2 da kuɗinka, ka haɗa komai da daddare, gari ya waye ka tarar babu ko ɗigo a ciki. Ko ka buɗe firiza ka ga zoɓo ya malale ƙasa. Abin da nake so mai koyo ya riƙe tun daga farko shi ne, kusan kullum laifin na wani ɗan zoben roba ne ko wani ɗan sifirin da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Aikin yana wajen gano wanne ne, kafin a kai hannu ga sufana.

Kayan aiki

- Sufana mai zurfi, irin ta bokis, lamba 11/16 ko 7/8 na inci, gwargwadon tulunka. Ka nemi mai kusurwa 12, domin wasu bawul ɗin iska gindinsu kamar tauraro yake, mai kusurwa 6 ba ta kama shi. Idan babu bokis, sufana mai zobe ta wadatar.
- Sukudireba mai faɗin baki.
- Tsinken sakace ko wani siririn abu na roba, don cire zobba.
- Sabbin zobban roba guda 5: babba na murfi, biyu na saman bawul, biyu na bututu.
- Ƙwayar bawul ta canji, ko da guda biyu.
- Giris ɗin silikon wanda aka yi don kayan abinci.
- Robar feshi da ruwan sabulun wanke-wanke a ciki.
- Tsohon buroshin haƙori, da siririn buroshi mai tsawo na wanke bututu.
- Hodar wanki irin PBW, ko kowace hodar wanki ta oksijin marar turare. Da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin Star San.
- Tukunyar CO2 da ragulatarta, ƙananan kwanuka biyu, da tsumma mai tsabta.

Idan za ka sayi zobban ɗai-ɗai, lambobinsu 109 na bututu, 111 na saman bawul, 417 na murfi. Na 109 faɗin cikinsa kusan milimita 7.6 ne, na 111 kusan 10.8, kaurin kowanne kusan 2.6. Masu sayar da sil na injuna a kasuwa sukan ajiye masu wannan girman, sai dai ba lallai robarsu ta dace da abinci ba. Ni ina yarda da ita a saman bawul ɗin iska kawai, na ɗan lokaci, kafin ta gaskiya ta iso. Duk inda abin sha yake taɓawa, a'a.

Kada ka sa giris ɗin mota, ko man gyaɗa, ko man shafawa. Na mota guba ne, man gyaɗa yana yin ɗoyi ya ɓata ɗanɗano, man shafawa kuma yana kumbura wasu robobin. Idan giris ɗin abinci ya gagara, jiƙa zoben da ruwan Star San ko ruwa mai tsabta ka saka shi a haka.

Sanin sassan tulun

A saman tulun akwai murfi mai siffar ƙwai da mariƙinsa, a tsakiyarsa akwai ɗan bawul na sakin iska. Hagu da dama akwai bawul biyu a tsaye. Ɗaya na shigar iska, a ƙarƙashinsa gajeren bututu. Ɗaya na fitar abin sha, a ƙarƙashinsa dogon bututu da ya kai har gindin tulun. Cikin kowane bawul akwai ƙwaya mai sifirin wadda take toshe ramin daga ciki. Idan aka danna kan tiyo, wato mahaɗin da ke bakin tiyo, a bisa bawul ɗin, wani ɗan tsinke da ke cikinsa yana tura ƙwayar ƙasa, hanya ta buɗe.

Samfuri biyu ne. Na Pepsi kan tiyonsa yana kamawa da 'yan ƙwallayen ƙarfe. A wannan, bawul ɗin iska yana da tsaga-tsaga a gindi, kan tiyonsa ruwan toka ne, na abin sha kuma baƙi. Na Coca-Cola yana da 'yan ƙusoshi a jikin bawul: biyu a na iska, uku a na abin sha, kuma kwance shi sai da bokis da aka yi wa tsaga don ƙusoshin su shige. Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga samfurin Pepsi don shi ya fi yawa, amma tsarin aikin bai bambanta ba.

Ga ƙa'idar da ke sauƙaƙa komai, ka haddace ta. Ƙwayar bawul tana aiki ne lokacin da kan tiyo yake cire. Zoben saman bawul yana aiki ne lokacin da kan tiyo yake haɗe. Zoben bututu da zoben murfi kuwa kullum suna bakin aiki. Saboda haka lokacin da yoyon yake bayyana shi ne yake nuna maka mai laifi.

Mataki na 1: Raba tulu da layin iska

Mutane da yawa suna farfasa tulu alhali yoyon yana jikin ragulata. Cire kan tiyon iska daga tulun. Buɗe tukunya, saita ragulata a psi 30 (psi ma'aunin matsin iska ne), wato kusan bar 2, sannan ka rufe tukunyar daga samanta. Yi wa allurar geji alama da biro ko ɗan salatif, ka tafi harkarka na sa'o'i biyu ko uku. Idan ka dawo allurar ta sauka, yoyon yana tsakanin tukunya da kan tiyo. Ka tsallaka zuwa mataki na 8. Idan tana inda ka bar ta, tulun ne.

Kada ka dogara da babban gejin tukunya wajen sanin yawan iskar da ta rage. Iskar tana nan a matsayin ruwa a ciki, gejin zai ci gaba da nuna wajen psi 800 zuwa sama har sai ruwan ya ƙare, sannan ya faɗi farat ɗaya. Kuma yana hawa da sauka da zafin gari. Mai son sanin gaskiya ya ɗora tukunyar a sikeli. Nauyinta ba komai a ciki yana buge a kafaɗarta.

Mataki na 2: Nemo inda yake fita

Gwajin ya fi kyau da tulu babu komai a ciki. Dalili kuwa, abin sha mai sanyi yana shanye iskar, sai matsi ya ragu ka ɗauka yoyo ne alhali lafiya lau. Idan ba yadda za ka yi sai da abin sha a ciki, to ka dogara da kumfa kaɗai, ka manta da geji.

Ba tulun iska psi 30, ka bar kan tiyon a haɗe. Fesa ruwan sabulu a kewayen murfi, a kan bawul ɗin sakin iska, a gindin bawul biyun, da ƙarƙashin kan tiyo. Daga nan ka cire kan tiyon ka ɗiga ruwan sabulun a saman kowane bawul, daidai inda ƙwayar take leƙowa. Kada ka yi gaggawa. Babban yoyo yana hura kumfa manya nan take, har ka ji sautinsa. Ƙarami kuwa sai bayan minti ɗaya ko biyu za ka ga wasu 'yan mitsi-mitsin kumfa farare suna taruwa wuri guda, suna ƙaruwa a hankali. Shi ne mai cinye tukunya a cikin mako ba tare da ka ji ko motsi ba. Kashe fanka, ka haska da tocilan daga gefe, za ka fi gani.

Idan feshin bai nuna komai ba kuma kana da yaƙinin akwai yoyo, yi irin ta mai faci: cika baho ko rabin duro da ruwa, ka kifa kan tulun a ciki, ka danne shi ka zuba ido. Layin kumfa zai kai ka har wurin.

Yanzu ka karanta abin da ka gani:

- Kumfa a tsakiyar saman bawul, kan tiyo a cire: ƙwayar bawul.
- Kumfa ko ɗiga daga ƙarƙashin kan tiyo, sai an haɗa: zoben saman bawul, ko shi kansa kan tiyon.
- Kumfa a gindin bawul, inda ya zauna a kan tulu: zoben bututu, ko bawul ɗin bai ɗauru ba.
- Kumfa a gefen murfi: babban zobe ko zaman murfin.
- Kumfa a ramukan bawul ɗin murfi: bawul ɗin sakin iska.

Ɓangaren abin sha yakan tona kansa tun kafin a fesa komai. In ka ga busasshen jan ɗanƙo a gefen bawul, ko kiyashi sun yi layi zuwa wurin, ka san yana tsiyaya.

Mataki na 3: Saki iskar gaba ɗaya

Wannan ba abin wasa ba ne. Ana ƙera tulun ya ɗauki har psi 130, kuma ko psi 30 ya isa ya harba bawul ko sifirin a idon mutum. Cire tiyon iska, ja zoben bawul ɗin sakin iska da ke kan murfi har sautin ya mutu, ka jira kaɗan, ka sake ja. Idan da abin sha mai gas a ciki zai ci gaba da fitar da iska, don haka ka maimaita dab da lokacin da za ka ɗora sufana. Murfin samfurin Coca-Cola sau da yawa ba shi da zoben ja. A nan sai ka danna ƙwayar bawul ɗin iska da bakin sukudireba, fuskarka a gefe. Ka tabbata na iska ne. In ka danna na abin sha, rufin ɗaki zai sha zoɓo.

Murfi da ya ƙi faɗawa ciki bayan ka ɗaga mariƙinsa yana gaya maka akwai sauran matsi. Kada ka buga shi.

Mataki na 4: Ƙwayar bawul

Ita ce ta fi ba da wahala, musamman a ɓangaren abin sha, domin sukari yana bushewa a kanta, kuma ɗan zaren citta ɗaya ko ɓurɓushin ganyen zoɓo ya isa ya hana ta rufewa. Masu giya suna fama da irin wannan daga ɓurɓushin furen hof da suke sakawa.

Kafin ka kwance, gwada gyaran tsaye. Da ɗan matsi kaɗan a tulun, kamar psi 5, rufa tsumma a kan bawul ɗin, ka danna ƙwayar da wani abu marar kaifi sau uku ko huɗu da sauri-sauri. Sau da yawa abin da ya maƙale zai fita, ko ƙwayar da ta karkace ta koma tsakiya. Zuba ruwan ɗumi a kai, ka sake gwadawa. Idan ya tsaya, ka tsira har zuwa ranar wanki.

Idan bai tsaya ba, saki iska ka kwance. Ɗora sufana a gindin bawul ka juya hagu. Tsohon tulu da ya shekara ba a taɓa shi ba yakan ƙi. Kwantar da shi ƙasa, ka danne da gwiwa, ka ɗan bugi hannun sufanar da tafinka. Kada ka kama jikin bawul da filaya, domin duk ƙarzar da ka yi masa nan ce sabuwar hanyar yoyo.

Ka kwance ɗaya bayan ɗaya, kayan kowanne a kwanonsa. Bawul ɗin iska da na abin sha suna kama da juna a ido, amma girmansu ya ɗan bambanta. Wanda ya musanya su zai ga baƙin kan tiyo ya shiga da ƙyar a bawul ɗin iska, ya kuma ƙi fita sai da ɓanɓara. Haka nan kada ka haɗa kayan tulu biyu a roba ɗaya. Kamfanoni daban-daban ne suka ƙera su, irin su Cornelius da Firestone, kuma haƙoran ɗaurinsu ba ɗaya ba ne: akwai 19/32, akwai 9/16, akwai 5/8 na inci. Bawul ɗin wani tulu yana iya hawa zagaye ɗaya ko biyu a kan wani kamar ya dace, sannan ya cinye haƙoran. Haƙoran tulu kuwa in suka lalace, tulun ya tashi aiki.

Wata ƙwayar tana faɗowa da kanta, wata mai ƙafafu uku tana maƙalewa a ciki. Ajiye bawul ɗin yadda gindinsa ke ƙasa a kan tebur, ka turo ta daga sama da wani abu mai dakusasshen baki. Jiƙa duka a ruwan zafi da hodar wanki na minti 20 zuwa 30, ka goge da buroshi, ka ɗauraye sosai.

Sannan ka duba da kyau a wurin haske. Ɗan robar da ke kan ƙwayar: ya tsage, ya baje, ko wani gefe ya gutsure? Sifirin: ya lanƙwashe, ko ya yi laushi har ba ya turowa da ƙarfi? Ƙafafun: sun buɗe daidai, ko ɗaya ta karkace? Leƙa cikin bawul ɗin ma, inda ƙwayar take zama. Ya kamata ya zama sumul. Idan akwai ko ɗaya daga cikin waɗannan, canza ƙwayar. Ba na ɓata lokaci wajen miƙar da sifirin da ya mutu, domin kwana biyu ne ya koma yadda yake.

Ƙwayar canji iri biyu ce: ta ainihin samfurin tulunka, da wadda ake cewa ta kowa-da-kowa, mai dogon sifirin mai siffar mazurari. Ta biyun ta fi sauƙin samu, amma tsawon sifirinta ba ya dacewa da kowane bawul. Idan ya yi tsawo, za ka ga kan tiyo yana ƙin dannuwa, ko abin sha yana fitowa siriri. Yanke zagaye ɗaya daga faffaɗan gindin sifirin ka gwada. In bai isa ba ka ƙara rabi. Kada ka yanke da yawa a tashi ɗaya, don gajeren sifirin shi kansa yoyo ne. Shafa giris kaɗan a robar ƙwayar kafin ka mayar.

Mataki na 5: Zoben bututu

Tunda bawul yana ƙasa, zaro bututun. Zoben yana ƙarƙashin faffaɗan leɓensa. Wanda ya daɗe za ka same shi ya baje ya yi kaifi a gefe, wani lokaci ma ya manne a bakin tulun. Cire shi, wanke cikin dogon bututun da siririn buroshi, ka ɗaga shi sama ka leƙa ko haske yana wucewa. Saka sabon zobe, shafa giris, mayar da bututun. Idan dogon bututun mai lanƙwasa ne, bakinsa ya nufi ɗan ramin da ke tsakiyar gindin tulu. Zura hannu ta bakin murfi ka riƙe shi yayin ɗauri, domin yakan juya tare da bawul.

Wajen ɗaurin nan ne masu koyo suka fi ɓarna. Fara da hannu, ka tabbata yana tafiya lami lafiya ba tare da cijewa ba. In ya tsaya, ɗora sufana ka ƙara kamar kwatan zagaye har ka ji ya zauna daram. Shi ke nan. Roba ce take toshe iskar, ba ƙarfin damtse ba. Matsi fiye da kima yana murƙushe zoben ya fito da shi gefe. Kuma kada ka naɗa farin tef na masu famfo a haƙoran. Ba a nan ake toshewa ba, tef ɗin sai ma ya hana bawul sauka ya danne zoben.

Mataki na 6: Zoben saman bawul

Wannan ba ya buƙatar kwance komai. Matse zoben da yatsu biyu har ya ɗan tashi a gefe ɗaya, zura tsinken sakace ka fitar. Kada ka sa wuƙa ko reza a cikin kwarmin. Goge kwarmin, mirgina sabon ya shiga, shafa giris. Shi ne zoben da ya fi saurin mutuwa don kullum ana goga shi, kuma busasshen zobe ne yake yagewa idan an danna kan tiyo da ƙarfi. In ana samun masu launi, sa launi ɗaya a na iska, wani a na abin sha, don kada a rikice cikin duhu ko cikin hanzarin biki.

Yoyon wannan zobe yana da wayo: wani lokaci sai tiyo ya ja kan gefe guda yake buɗewa. Idan kana gwaji, girgiza kan tiyon hagu da dama kana kallon kumfa.

Mataki na 7: Murfi da bawul ɗin sakin iska

Mariƙin murfi ba shi ne yake toshe tulun ba. Matsin da ke ciki ne yake tura murfin sama ya danne zoben. Shi ya sa tulu yakan yi yoyo a psi 5 ya daina a psi 30. Hanyar rufewa ita ce: shafa wa babban zoben giris, saka murfin ya zauna a tsakiya, kada ka kulle mariƙin tukuna. Ja shi sama da hannu, ka buɗe iska psi 30, za ka ji murfin ya kama. Sannan ka kulle, ka sauke ragulata zuwa matsin da kake so. Masu giya sukan tsaya wajen psi 10 zuwa 12. Ruwan soda da lemo suna son fiye da haka.

In har yanzu yana huci, saki iska ka juya murfin, gaba ya koma baya. Tsofaffin tuluna da yawa fuska ɗaya kawai suke yarda da ita. In ka gano ta, yi alama. Duba ƙafafun mariƙin: akwai 'yan robobi a bakinsu, in sun cinye ko ɗaya ta faɗi, murfin ba zai ɗagu sosai ba. Kafin ka sami sababbi, sa wosha ko kwabo a ƙarƙashin kowace ƙafa. Shafa yatsa a leɓen bakin tulun ta ciki, ko akwai lotsawa. Ƙaramar lotsawa zobe mai kauri da laushi yana rufe ta. Idan babu sabon zobe a hannu, jiƙa tsohon a ruwan zafi na 'yan mintoci ya yi laushi, ka saka shi da ɗuminsa. Wannan dabarar fita kunya ce ta rana ɗaya.

Bawul ɗin sakin iska kuwa, fara da duba zobensa na ja. Wasu in an ja aka murɗa suna tsayawa a buɗe, kuma an sha kwance tulu gaba ɗaya saboda wannan kaɗai. Ja ka saki sau biyu ko uku ya koma mazauninsa. In bai daina ba, kwance shi, wanke, shafa wa robar bakinsa giris, ka mayar ba tare da matsewa sosai ba, don yawancinsu jikinsu roba ne. In ya ƙi, sayi sabo. Kada ka taɓa toshe shi da gam, ko ƙusa, ko noti. Shi ne abin da ke tsakaninka da fashewar tulu.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Zoɓo ko lemon citta mai sukari, in aka ɗauke wuta firiza ta huce, yana fara tsami da kansa. Tsamin yana haifar da iska, matsi ya yi ta hawa, ɗanɗano ya canza, kuma barasa ta fara samuwa a ciki. Idan ka ga matsin tulu ya zarce inda ka saita shi ba tare da ka ƙara ba, ko dai ragulata ce take zarcewa, ko abin shan ya juya. Ɗanɗana ka gani kafin ka ɗora wa bawul laifi.

Mataki na 8: Kan tiyo, tiyo da ragulata

Kan tiyo yana buɗewa daga sama da sukudireba. A ciki akwai marfi, siririn zobe, sifirin da ɗan tsinke. Buɗe shi a kan faranti, don sifirin yana tsalle, kuma ka lura da yadda suke jere. Wanke, mayar, ka kula kada siririn zoben ya naɗe wajen ɗauri. Ɗaga jikin robar a haske ka nemi tsaga; wanda ya tsage ba ya gyaruwa.

Fesa sabulu a duk mahaɗin tiyo. Inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe da noti, dole a sami 'yar woshar roba a tsakani. Kan tiyo na roba mai robar baki ba ya buƙatarta. Idan bakin tiyo ya buɗe ko ya bushe, yanke santimita 2 ko 3, tsoma sabon bakin a ruwan zafi, ka tura, ka ɗaure da kilif. Tsakanin ragulata da tukunya akwai wosha ɗaya, sai dai in ragulatar mai zobe ce a jikinta; duba ta duk lokacin da aka sake cika tukunya, ka ɗaure notin da sufana, ba da hannu ba. Buɗe tukunya har ƙarshe idan kana aiki da ita, domin wasu suna huci ta wuyan marfinsu in an bar su rabi.

Tukunyar ta tsaya a tsaye, a ɗaure da bango, a inuwa. Zafin Maris da Afrilu yana ɗaga matsinta sosai, don haka kada a bar ta a rana ko a but ɗin mota. Iskar CO2 ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a ƙasan firiza da ƙaramin ɗaki marar taga. Kada ka zura kai cikin firiza kana neman yoyo, buɗe ta ta sha iska tukuna. Kuma CO2 mai tsabta ta abinci kaɗai ake haɗawa da tulun, ba oksijin na masu walda ba, ba gas ɗin girki ba.

Mataki na 9: Gwajin ƙarshe

Haɗa komai, ba shi psi 30, ka sake fesa duk wuraren, har waɗanda ba ka taɓa ba. Ɗauraye sabulun da ruwa. Cire tiyo ka bar tulun ya kwana. Da safe ja zoben murfi: in ya yi huci mai ƙarfi, ya riƙe. Wanda ya fi wannan tabbas shi ne ka mayar da tiyon a psi 30 ka saurara. In ba ka ji iska tana shiga ba, bai rasa komai ba. Daga nan sai ka kashe ƙwayoyin cuta: Star San mililita 30 a ruwa lita 19, ka girgiza, ka tura wani ta dogon bututu ya fita ta famfo.

Kulawa ta yau da kullum

Tace abin sha da ƙyalle mai laushi, sau biyu in da citta a ciki, ka bar shi ya kwanta kafin ka zuba. Duk lokacin da ka cire baƙin kan tiyo, watsa ruwan ɗumi a saman bawul kafin sukari ya bushe. Tulu in ya ƙare, wanke shi ranar, kuma ka kwance bawul ɗin abin sha a kowane wanki; na iska yana iya jira, sai dai in an cika tulun har abin sha ya taɓa gajeren bututu.

Bilic, irin Hypo ko Jik, ba ya shiga wannan tulu. Sinadarin kulorin da ke cikinsa yana cin ƙarfe mara tsatsa, ya bar ƙananan ramuka. Soson ƙarfe ma haka, yana ƙarzar jikin ya bar tsatsa; soso mai laushi ya isa.

Tulun da ka sayo na hannu, canza zobbansa biyar duka kafin ka zuba komai, ko da sun yi kyau a ido, domin warin tsohon lemo ba ya fita daga roba. Bayan haka ina canza su kamar sau ɗaya a shekara, na saman bawul kuwa da zarar na ga sun fara tsattsagewa. Zafi da hasken rana suna tsofar da roba da wuri, saboda haka zobban ajiya su zauna a leda mai zif, cikin duhu, nesa da janareta da injin lantarki. Tulun da ba a amfani da shi a ajiye shi a bushe da iska kamar psi 10 a ciki: ƙura ba ta shiga, kuma ranar da ka ɗauko shi ka ja zobe ka ji shiru, ka san akwai gyara kafin ka zuba lita 19 na abin sha.

Idan kumfa tana fitowa daga jikin ƙarfen kansa, ko daga walda a gindin mazaunin bawul, wannan ya wuce canjin zobe. Kada a kai wa mai walda na bakin titi ya ɗiga masa wuta a mayar da shi ƙarƙashin matsi. Cire bawul ɗinsa da murfi da bututu ka adana don sauran tulunan da suke samfuri ɗaya, shi kuma jikin ya koma wurin jiƙa kayan wanki.